Lambar da matarsa ta haddace

Bayan na ajiye alli, shekara talatin da wani abu ina fama da 'ya'yan mutane a firamare, sai na kafa rumfar cajin waya a bakin ruwan Yelwa, daidai inda jiragen ƙauye ke sauke kaya. Zaman gida ne ya ishe ni, kuma ni mutum ne mai son a tambaye ni in ba da amsa. A rumfar nan na samu abin da nake so. Masunta da dillalan kifi su kawo waya, su kawo takarda in karanta musu, su kawo gardama in raba. Duk abin da aka faɗa a rediyo da safe, kafin azahar na yi masa sharhi, na kuma faɗi inda gwamnati ta yi kuskure. Suna kira na Malam, ni kuwa ina amsawa har da gyara zaman hula.

A cikin masu kawo waya akwai wani Bazabarme, masunci, dogo, marar yawan magana. Daga can sama yake, wani ƙauye a gefen kogi cikin ƙasar Nijar. Kowace shekara bayan girbi yakan biyo ruwa ya sauko, ya yi watanni yana su a tafki, idan damina ta matso ya koma gona. Irinsu suna da yawa a nan tun kafin a haife ni, ba wanda ya taɓa tambayar su takarda. Abin da muka sani shi ne baƙo yana da mai masauki, wanda zai kai shi gaban mai unguwa da sarkin ruwa ya ce wannan nawa ne. Ni ne nasa. Yana kwana a shagon ƙofar gidana, yana kawo wa Inna, mahaifiyata, kan giwan ruwa idan ya yi sa'a, ni kuma ina tsokanarsa cewa Hausarsa kamar jirgin da ya sha ruwa take tafiya. Sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, salula ta cika?" Haka yake kiran waya.

Wayar wata 'yar ƙarama ce mai madannai, an ɗaure bayanta da roba. Layin da ke ciki a nan kasuwar Yelwa ya saye shi shekaru da yawa da suka wuce, wurin masu zama ƙarƙashin laima, lokacin da ake ba ka layi an riga an yi masa rajista da sunan wanda Allah kaɗai ya san shi. Matarsa ba ta da waya, ba ta kuma yi karatu ba, sai ya sa ta haddace lambar kamar yadda ake haddace addu'a. Ranar kasuwar garinsu takan je wurin wani mai shago ta jero masa lambar da ka, ya danna mata, ta gaya wa mijinta lafiyar gida.

Wata shekara, yana nan wurinmu, 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu. Labari ya zo masa ta bakin wani mai jirgi. Ya bar kayan sunsa a hannuna ya haura. Ya fi wata biyu bai dawo ba, da ya dawo kuwa sai da na dube shi sau biyu kafin na gane shi. Ya ce ya tarar da gari ba kowa, har rumbuna an ƙone. Takardunsa duk sun tafi da ɗakin. Ya bi sansani-sansani yana tambaya. Wasu suka ce mata sun yi gabas, wasu suka ce an ƙetara da su kogi. Matarsa da 'yarsu guda, ba wanda ya ce ya ga gawarsu, ba kuma wanda ya ce ga inda suke. Na tambaye shi me ya sa bai tsaya can ya ci gaba da nema ba.

"Lambag ga ita ɗai ta sani," in ji shi. "Can ba ta aiki. Nan take aiki."

Tun daga ranar zamansa ya koma zaman jiran kira. Idan zai shiga ruwa sai ya sa wayar cikin leda biyu ya rataya a wuya, kuma ya daina zuwa can tsakiyar tafki inda sabis ke ɗaukewa, ko da kuwa can kifin yake. Idan ya kawo caji ba ya tafiya, sai ya zauna a bencina yana kallonta har ta cika. Na daina tsokanarsa.

Kuma ta kira. Ina zaune, wajen hantsi, wayar tana jone a allon cajina ta yi ƙara. Ya ɗauka, na ga ya miƙe tsaye yana magana da yarensu da ƙarfi. Ba a yi minti ɗaya ba kiran ya yanke. Ta ce suna raye, ita da yarinyar, ana tafiya da su a mota, ba ta san sunan wurin ba, za ta sake kira idan sun sauka. Muka bi lambar. Wani direba ne a wata tasha, ya ce wata mata ce ta roƙe shi aro, motarsu ta riga ta tashi, bai san inda ta nufa ba. Ranar Bazabarme ya raba kifinsa duka sadaka. Inna ta yi guɗa da tsufanta.

A daidai wannan lokacin ne maganar haɗa layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta yi zafi. Aka ce duk layin da ba a haɗa ba za a rufe shi. Ga iyaka an rufe, an buɗe, an sake rufewa, yau a ce mutanen maƙwabta na iya shiga da katinsu, gobe a ce sai da wata takardar. Shi ba shi da katin can balle na nan. Na bincika masa, aka ce baƙo ma yana iya samun lambar idan yana da takardar izinin zama, ita kuma ba a ba da ita sai da shaidar ƙasarsa, wadda ta zama toka. Hanya ɗaya ta rage, kuma mai sauƙi ce a lokacin. Wani ɗan ƙasa ya je shagon masu rajista, ya ce layin nasa ne, ya faɗi lambobin da aka fi kira, ya dangwala yatsa, a mayar da shi sunansa. Mutane da yawa sun yi wa iyayensu da matansu haka.

Bai ma roƙe ni ba. Ni na buga ƙirji a gaban mutane na ce, "Wanga ai ƙaramin abu na. Bari ranar kasuwa ta wuce."

Kafin in je sai aka kira taro a ƙofar mai unguwa. Lokacin satar mutane ta yi yawa a ƙauyukan Ngaski da Shanga, kowa a tsorace yake. Wani jami'in shige da fice ya zo da wani ɗan sanda. Suka ce duk mai baƙo daga wata ƙasa ya kawo sunansa, wannan bai dame ni ba, nawa sananne ne. Sai ɗan sandan ya ƙara da cewa masu garkuwa da layin mutane suke neman fansa, don haka duk layin da ke kan sunanka, abin da aka yi da shi kai ka yi. Wani a cikin taron ya ba da labarin surukinsa da jami'an tsaro suka ɗauke daga gona saboda layin da ya yi wa wani rajista, sai da ya yi watanni a tsare. Ban san ko labarin gaskiya ne ba. Na dai san na koma gida da shi a raina.

Ba wai na zargi mutumin ba. Shekara nawa yana kwana a ƙofar gidana, ko allura ba ta taɓa ɓata ba. Amma sai na shiga lissafin masu ilimi. Idan aka sace wayar fa? Idan ta faɗa hannun wani? Idan matar ta kira da wayar wani mugu, aka biyo sawu? Ni tsohon malami, mai 'ya'ya da jikoki, a ɗaure ni a bayan mota a gaban ɗalibaina? Na gaya wa Inna abin da ke raina, ina zaton za ta ce in yi hankali. Tana tsinke zogale, ba ta ko ɗago kai ba.

"Kai dai ka cika tsoro," ta ce. "Mu da ruwan dam ya kore mu daga gungunmu na tsakiyar kogi, da tabarma ɗai munka iso garin ga. Wa yat tambaye mu takarda? Tashi ka yi mishi, ka bar surutu."

Na ce mata zamani ya sake. Ta ce zamani bai sake ba, mutane ne suka lalace.

Kunyarta ta sa na shirya. Da safe ya miƙo mini wayar gaba ɗaya, da hannu biyu. Ya ce kada in kashe ta. Ya koya mini gaisuwarsu, fofo, ya sa na maimaita sau uku, ya ce idan ta kira ina can in faɗi haka don kada ta tsorata ta kashe, sannan in ambaci sunansa. Na sa wayar a aljihun gaba tare da katina na ɗan ƙasa.

A shagon masu rajista, jerin mutane ya kai har gindin dogon yaro. Na tsaya tun hantsi har rana ta take. Da na iso gaban teburin, ma'aikacin ya karɓi wayar ya duba, ya ɗago ya ce, "Baba, layin naka ne?" Na ce nawa ne. Ya ce, "To kawo kati. Ka dai san in an mai da shi sunanka, komi anka yi da shi kai za a nema." Ba da wata manufa ya faɗa ba, haka yake gaya wa kowa. Hannuna yana kan aljihu, ina jin gefen katin da yatsana. Sai na ji bakina ya ce na manta shi a gida. Ya miƙo mini wayar, ya kira na bayana.

Na dawo bakin ruwa na tarar da shi zaune a bencina, bai shiga ruwa ba ranar. Na ce masa na'urarsu ta lalace, sai wani mako. Ya ce Allah ya kai mu, ya yi mini sannu da wahala, har ya sayo mini ruwan sanyi. Na sha.

Daga nan sai ilimina ya zo ya taimaki tsorona. Na lura an sha sa wa'adi ana ɗagawa. Na kuma ji cewa ko an rufe, kiran fita kawai ake hanawa, na shigowa yana nan. Na zaunar da shi na yi masa bayani dalla-dalla, kamar ina gaban allo. Na ce na san gwamnatin ƙasar nan kamar yunwar cikina, barazana ce kawai, ba za su iya rufe layin talakawa ba. Na ce shi ai ba kira yake yi ba, jira yake, to me zai dame shi? Mu bari ƙura ta lafa, cunkoso ya ragu, sai in je a natse. Ya ce, "Kai ka sani, Malam." Kuma abin haushi, da farko maganata ta fito. Aka ɗaga wa'adi. Aka sake ɗagawa. Da aka hana kiran fita, na kira shi da wayata a gaban mutane, tasa ta yi ƙara, na dubi jama'a na ce, "Ba na gaya muku ba?"

Wata safiya ya zo ya ajiye wayar a teburina ya ce sandunan da ke saman fuskarta sun ɓace. Na ce sabis ne. Na kashe na kunna, na cire layin na goge shi da bakin riga na mayar. Na kira da tawa, wata murya ta ce lambar ba ta aiki. Na sake kira. Ban san sau nawa na kira ba, yana tsaye yana kallon bakina.

A ranar na ɗauki katina na hau babur, tsoron duk ya tafi, amma ihu ne bayan hari. Ma'aikacin ya ce doka ta sake. Yanzu ba a mayar da layi sunan wani sai mai rajistar farko ya zo da kansa. Na ce ba mu san shi ba. Ya ce to sai babban ofis. Na je Kontagora, suka ce in kawo takardar rantsuwa daga kotu. Na kawo, suka ce sunan da ke na'ura ba nawa ba ne. Na je Birnin Kebbi sau biyu. Na yi faɗa, na yi Turanci, na ambaci shekarun da na yi ina bauta wa ƙasa, wata ma'aikaciya ta ba ni kujera ta ce in yi haƙuri. Ba wanda ya wulaƙanta ni. Kowa yana bin abin da aka rubuta masa ne, kuma ƙofar da suke nuna mini a rufe, ni na tsaya a bakinta tana buɗe na juya.

Shi kuwa bai daina kawo wayar caji ba. Kullum sai ya kawo, ya zauna, ta cika, ya rataya. Ya rame har kafaɗunsa suka fito. Bai taɓa ce mini komai ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. Da zagina ya yi da na samu abin riƙewa. Inna ta daina yi mini maganar, sai dai idan na shiga gaishe ta ta tambaya ko baƙona ya ci abinci.

Da farko duk bayan 'yan kwanaki nakan danna lambar, ba don ina sa rai ba, daga baya na bari. Bayan watanni, wata ranar Laraba da la'asar, na sake gwadawa, sai na ji tana ringin. Na kusa yar da wayar. Na ƙwala wa Bazabarme kira, yana gyaran komar kamun kifi a bakin jirgi, ya taho da gudu. Wani namiji ya ɗauka, da Turancin kudu. Ya ce sabon layi ne ya saya a garinsu, can kusa da teku. Ashe idan layi ya daɗe a rufe sai a sake sayar da shi. Na roƙe shi kada ya kashe, na yi masa bayani tun daga farko. Sai ya ce, to, lallai akwai wata mata. Makonnin farko da ya sa layin ta yi ta kira, da lambobi daban-daban, tana wani yare da bai sani ba, wani lokaci tana kuka. Ya ɗauka 'yan damfara ne. Ya gaya mata ba nan ba ne, ta sake kira, ya yi mata tsawa. Daga baya ta daina. Na tambaye shi lambobin. Ya ce ya sake waya tun tuni, babu ko ɗaya.

Bazabarme yana tsaye yana jira in fassara. Na yi shekaru ina fassara wa mutane labarin duniya a wurin nan, ranar na rasa ta inda zan fara. Na gaya masa duka, ban rage ba. Ya zauna a ƙasa, ba a benci ba. Can ya ce, "Alhamdu lillahi. Ashe sun sauka." Sai kuma ya ce, "Ta ji wani namiji ya ɗauka. Za ta ce na mutu."

Mutumin kudun ya yi kirki daidai gwargwado. Ya karɓi lambata, ya yi alkawarin idan ta sake kira zai turo mini. Na koya masa fofo, yana dariya yana maimaitawa. Muka jira damina guda. Ba ta sake kira ba.

Da ruwa ya janye, Bazabarme ya sayar da komarsa da jirginsa ya ce zai haura ya bi garuruwa da ƙafa. Na hana shi, na ce hanya ba lafiya, ba shi da takarda, ko'ina za a iya tsare shi. Ya ce zaman me zai yi. Na so in gaya masa maganar katin da ke aljihuna ranar nan. Na shirya kalmomin tun a masallaci, na zo har gabansa, sai na tsinci kaina ina yi masa bayanin inda shingayen jami'ai suke a hanya. Har yau bai sani ba, sai dai in ya sani ne ya yi shiru. Ina jin kunyar wannan fiye da yadda zan iya rubutawa.

Ana gobe zai tafi na je shagon masu rajista na sayi sabon layi da sunana. Ba cunkoso. Na miƙa kati, na dangwala yatsa, aka ɗauki hotona. Duka abin bai kai tsawon sallar azahar da alwalarta ba. Na fito ina kallon agogo, na tsaya a bakin titi har wani mai babur ya tambaye ni ko lafiya.

Da safe ya zo sallama, da 'yar jakarsa a kafaɗa. Ya durƙusa ya gaida Inna, ta sa masa albarka tana share ido da gefen zane. Muka taka tare zuwa bakin ruwa. A rumfa na ciro layin na miƙa masa, na ce ya sa a wayarsa, da sunana yake, ba mai rufe shi, duk abin da ya biyo baya na ɗauka. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya shi, ya daɗe yana dubawa.

"Na gode, Malam," ya ce. "Amma wa ya san wagga lamba?"

Ya ajiye shi a kan teburina a hankali, kusa da wayoyin mutane, ya sauka ya shiga jirgin da ke haurawa.